Na Tafi Jinyar Inna, An Riƙe Mini Albashi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanka da aiki. Sunana Hauwa'u, daga Birchi.

Tun rasuwar maigidana nake girki a wani gidan abinci da ɗalibai ke ci a Dutsin-Ma. Wata rana ina cikin tuƙa tuwo, ƙanena ya bugo waya ya ce Inna ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Hajiya mai gidan abincin ba ta nan, sai na bar sallahu wurin abokiyar aikina, na hau mota. A lokacin ina bin Hajiya albashin wata biyu.

Da Inna ta ɗan samu sauƙi na koma in karɓi albashina. Hajiya ta ce, "Hauwa'u, mai barin aiki sanarwar wata guda yake bayarwa. Ke kuwa tafiya kika yi kika bar mini tukunya bisa wuta."

Na ce to, zan bar wa ƙanena jinyar in yi mata watan. Ta ce ai ta riga ta ɗauki wata mai girki. Limamin unguwarsu ya sa baki, ta ce za ta duba. Yanzu ko wayata ba ta ɗauka.

Malam, maganin Inna ya ƙare. Na sayar da akuyata, ba ni da sauran abin sayarwa, kuma ban san inda talaka ke kai irin wannan kuka ba. Masu sauraro, don Allah ku faɗa mini, rashin sanarwa yana cinye gumin da na riga na zubar? Wurin wa zan je?