Talibambam ɗin Maliya Ba Na Yawuri Ba Ne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sani, direba ne ni a Aziziyya, Jidda.

Ran Juma'a ni da abokina Isiyaku muka hau jirgin haya don kamun kifi a Bahar Maliya. Ƙugiyata ta kamo talibambam. Balaraben da ke tuƙa mu ya ce, "Yalla, jefar, guba ne!" Na ce a garinmu Yawuri feɗewa muke mu ci, wa zai koya wa jikan masunta kifi? Na ɓoye shi a buhu.

Da muka koma masauki, Isiyaku ya riga ni ci, kafin in kai loma baki gubar ta kama shi. Yau kwanansa uku a asibiti, numfashi sai da na'ura.

Matarsa tana ta kirana daga gida. Jama'a, da wane baki zan gaya mata ni na soya?