Akushin Ɗan Farina

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai cetonmu. Ni ce Saratu daga Gafasa. Na tsaya ne in faɗi yadda Ubangiji ya raba ni da ciwon da ba a ba da maganinsa a asibiti.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran nawa da sunansa ba, sai dai in ce "yaron nan". Da aka zaɓe shi ya je Landan koyon aikin jinya, gari ya taru yi masa sallama, ni kuwa na shige ɗaki ina tsince wake, wai kada a ce ba ni da kunya.

Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Inna, kada ki damu. Daga Kano zuwa Landan fa ba wuni guda ba ne a jirgi. In na karya kumallo a can, da ke zan ci tuwon dare."

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Maganar nan na riƙe. Wanda ya tafi kasuwar Gaya a ƙafa ma ai ana ajiye masa tuwo, don haka kullum sai in zuba nasa a akushi in rufe.

Damina ta biyu Fasto ya zo da matarsa, suka zauna suka faɗa mini labarin. Sanyin ƙasar ya kama wa yaron nan ƙirji, ya rasu, har an binne shi a can.

Ban yi kuka ba, uwar ɗan fari ce ni. Amma abinci ya fita raina, barci ya ƙi, addu'a na daina. Tuwon kuwa ban fasa ajiyewa ba. Da na ji ƙugin jirgi sai in fita tsakar gida in kafa wa sama ido har in ga duhu-duhu. Na rame, zane ba ya zama a ƙuguna.

Da maƙwabcinmu Alhaji Sule ya dawo daga Makka, na je yi masa barka. Na ce, "Alhaji, da gaske jirgi yana da saurin da ake faɗa?"

Ya ce, "Da gaske ne, Saratu. Da hantsi muka tashi, kafin magariba muna Jidda." Ya dube ni, ya sassauta murya. "Amma inda yaronki ya sauka, jirgi ba ya zuwa. Ki bar wa Allah."

Na dawo gida na durƙusa gaban akushin. Na ce, "Ya Yesu, ni ban iya kaiwa can ba, kai kana can. Ga ɗana." Sai na ji bakina ya kira sunansa, karo na farko tun da na haife shi. Kukan da na hana kaina ya ɓalle, har maƙwabta suka shigo. Ranar na ci tuwon da ke akushin, na yi barci. Yabo ga Ubangiji!

Kewar ba ta tafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma yau ina ci, ina noma, kuma in jirgi ya wuce ina ci gaba da dakana.

Na gode wa Yesu. Mai nauyi a zuciya ya kai masa, zai karɓa. Ku kuma iyaye mata, ku dubi fuskar 'ya'yanku tun suna bakin ƙofa.

Sunan ɗana Ayuba.