Husaini Bai Gudu Ba

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, Saje Manjo Maliki. Bature wakilin gwamnati. Malamanmu na ofis masu alƙalami a aljihu. 'Yan'uwana tsofaffin sojoji. Jama'ar Abakpa da Unguwar Shanu, maza da mata, ina gaishe ku.

Sunana Kofur Sanda, mai gyaran keke a bakin kasuwa. Ina godiya da aka ba ni damar magana, ina kuma godiya ta musamman ga wanda ya karanto sunayen mamatanmu na yaƙin Bama ɗazu, domin ya karanto nawa da murya mai daɗi. Na miƙe tare da ku, na yi wa kaina shiru na minti biyu, kuma wallahi na ji tausayin kaina.

Magana ta farko, yadda aka yi na mutu. A shekarar 1944 muna dajin Bama, ni da abokina Husaini. Zazzaɓi ya kama shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana rawar sanyi. Na tuɓe tawa na sa masa, na manta ɗan littafina na soja yana aljihunta. Da azahar Japan suka buɗe mana wuta. Harsashi ya sami Husaini a ƙirji, ya cika da kalmar shahada, kansa a kan cinyata. Ni kuma aka fasa mini ƙafa, aka kwashe ni sai asibiti a Indiya. Waɗanda suka binne shi suka laluba aljihu, suka ga littafina, suka rubuta cewa Sanda ya mutu. Da aka yi kiran suna Husaini bai amsa ba, sai wani mai basira ya rubuta cewa ya gudu. Jama'a, ya gudu ina? Gaba Japan, baya kogi, ko'ina daji, mutum ko miƙewa ba ya iyawa!

Magana ta biyu, yadda na nemi gyara. Shekara takwas ke nan da dawowata, kuma babu shekarar da ban je ofishin takardu ba. Akawun, Malam Aminu, mutum ne mai fara'a. Ya buɗe littafi ɗaya, ya ce na mutu a 1944. Ya buɗe wani, ya ce an sallame ni a 1946. Na ce, "Malam, to wanne ne gaskiya?" Ya ce, "Kofur, wanda ya riga shiga littafi." Na ce, "Ga ni tsaye a gabanka." Ya ce, "Ina ganinka, amma ba a rubuta ka ba."

Kuna dariya, ni ma na yi. Mutuwar takarda ba ta hana ni cin tuwo ba. An yi mini sadakar arba'in, ƙanena ya gaji kekena, na dawo na karɓe abina.

Amma ga Iya Turai can zaune a baya, mahaifiyar Husaini. Ranar da na sauka Kaduna na durƙusa a gabanta na gaya mata a hannuna ya cika. Ta ɗauko takardar da aka aiko mata, ta ce, "Sanda, hukuma ta ce gudu ya yi, mai gudu kuwa yana dawowa." Har yau ba ta yarda an yi masa sadaka ba. Har yau duk sojan da ya wuce ƙofar gidanta sai ta leƙo. 'Yar Husaini, Zainab, ta daina zuwa ɗiban ruwa, domin a bakin famfo ana ce mata 'yar matsoraci. Mun tsallake teku mun yi yaƙin da ba namu ba, ladar da aka ba gidan Husaini ke nan.

Magana ta uku. Makon jiya aka ce za a gyara in an kawo shaidu uku da suka gani da ido. Na ce ga ni na farko. Aka ce ba a karɓar shaidar mamaci. To, madalla. Ga abokanmu na Bama nan zaune. Garba, kana wurin. Ado, kai ka ja ni daga cikin laka. Tanko, kai ka rufe wa Husaini ido. Ku miƙe jama'a su gan ku. Ranka ya daɗe wakilin gwamnati, ga rayayyu uku, har a littafinku rayayyu ne, na sa an duba. Ga takarda, ga tawada, za su dangwala a gabanka yanzu. Nawa sunan ku bar shi inda yake, wata rana zai zama gaskiya. Na Husaini muke so a goge masa ƙarya, uwarsa ta sami damar yi masa kuka.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya ba masu alƙalami tsoronsa kafin su rubuta. Allah ya jiƙan waɗanda muka baro a Bama, ya jiƙan Husaini, ya ba Iya Turai haƙurin abin da za ta yarda da shi yau.

Na gode.