Bahon Roba da Ƙahon Bulus

Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Baban Bulus, mai sayar da citta a kasuwar Kafanchan.

Lokacin da ɗana Bulus yake goye, an yi gasar jarirai a asibitin unguwarmu, ya zo na ɗaya don ya fi kowa ƙiba. Aka ba mu kyautar bahon roba. Tun daga ranar tsohuwata ta mai da ciyar da shi sana'a: ƙosai, lemon kwalba, tuwo har da ƙari. Mu kuma muna ta tafi, muna kiransa Ɗan Baho.

Bana ran Kirsimeti aka ba shi ƙaho ya busa a macin yaran coci. Ko tashar jirgin ƙasa ba su kai ba ya durƙusa, ƙirjinsa na kuka kamar usur. Likita ya ce asma ce, hanyoyin numfashinsa sun kumbura, kuma kitsen nan yana ƙara wa kumburin ƙarfi. Ni da ba a taɓa sayar mini da ruɓaɓɓiyar citta a buhu ba, sai ga shi kumatun ɗana sun ruɗe ni.

Na roƙi tsohuwa ta rage masa abinci. Ta ce, "Rufe mini baki! A zamanin nan yaro ya rame, ka san cutar da za a ce yana da ita?" Bahon yana nan rataye a ɗakinta, ƙahon kuwa an ba wani yaro.

Iyaye mata, ku ba ni shawara, ta ina zan ɓullo wa tsohuwar nan tawa? Tana jin wannan shirin, kuma ta fi yarda da rediyo a kaina. Bulus kullum sai ya tambaye ni ko baɗi za a mayar masa da ƙahonsa.