Layin Safiyar Juma'a

A ɗakin jiran masu wankin ƙoda, a wani asibiti da ke Barnawa, Malam Zakariyya'u ya matso kusa da wata mata da ko sunanta bai sani ba.

"Madam, an ce ke ce mai layin safiyar Juma'a. Mu yi musanya mana, ki karɓi nawa na rana."

"A kan me?"

"Ana kiran sallah ina kwance da allura a hannu. Rabona da masallacin Juma'a tun bara."

"Ni kuma in na fito da safe, sai na kwanta jiri ya sake ni, kafin in ɗora wa ma'aikatan masana'antun Kudenda tukunyar yamma. Ba zan iya ba, Malam."

"Shi ke nan, zan ce wa likita ya mayar da ni sau biyu a mako maimakon uku, in huta!"

"Gwada mana. Na tsallake ɗaya saboda bikin 'yata, ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, a zaune na kwana ina haki."

"Wannan rayuwa ce? Ruwa a auna maka, ayaba a hana ka, mako kuma inji ya cinye rabinsa!"

"Da ni kake faɗa ko da injin?"

Ya ja tsaki. "To ke ya aka yi kika samu safiya? Wa kika sani a ciki?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Ban san kowa ba. Layin wani Baba Samson ne, Allah ya ji ƙansa. Shi ma cewa ya yi sau biyu ya ishe shi."

Malam Zakariyya'u ya koma bencinsa, ya fara naɗe hannun riga.