Damina Guda Ina Ce Mata Ya Fita

Salama a gare ku, 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku yi haƙuri da ni, a hankali nake karatu, kuma wannan takarda da hannuna na rubuta ta.

Sunana Ayuba, mai faci a bakin tasha nan Gumel. Amma yawancinku kun fi sanina da mijin Malama Rahila, mai rubuta labarai.

Tun tana koyarwa a firamare a Gagarawa ta fara. Da farko wasan kwaikwayo take shirya wa zumuntar mata lokacin Kirsimeti. Sai mata suka matsa mata ta rubuta musu abin karantawa a gida. Haka ƙananan littattafanta suka fito, ana bugo su daga Kano: labarin gwauruwa mai tuyar ƙosai, labarin makanikin da Ubangiji ya raba da kwalba, da sauransu. Ni ke ɗaure su a bayan babur in kai taro, har Maigatari da Sule Tankarkar. Matan maƙwabtanmu Musulmi ma sukan aiko a ara musu.

Ni kuwa ko harafi ɗaya ban sani ba. Daga gona aka kai ni koyon faci, ban taɓa zama a aji ba.

Rahila ta sani tun kafin aurenmu, ba ta taɓa goranta min ba. Ta sha ce min, “Baban Dauda, zauna in koya maka.” Ni kuma in ce sai aiki ya lafa. Aikin bai taɓa lafawa ba.

A taro, kujerar gaba ake ba ni saboda ita. In aka miƙo min littafinta, hoton bango nake nema don in gane sama da ƙasa. A addu'ar gida, in ana zagayawa da karatu aya-aya, kafin a iso kaina sai in ce na manta tabarau. Wane tabarau? Ban taɓa mallakar tabarau ba! Kunya ta kai ni inda ko kallon takarda ba na iyawa. In aka ajiye ta gabana, sai idona ya kauce da kansa kamar an watsa min barkono.

Sai ciwon suga ya taɓa mata ido. Mun je asibiti a Kano, an yi magani, kun taya mu addu'a. Gani ya yi ta raguwa har ya zama inuwa-inuwa kawai take gani. A lokacin tana kan labarin da ya fi duk na baya tsawo, na wata mata da mijinta direban babbar mota ya tsallaka Damagaram bai dawo ba. Ta ce ba za ta ajiye ba, hannunta ya san hanya ko ido bai gani ba.

Kowace safiya sai ta zauna a rumfa ta yi ta rubutu. In na dawo cin abincin rana ta miƙo min.

“Baban Dauda, duba min. Ya fita?”

Ba karatu take so in yi ba, 'yan'uwa. So take kawai in duba ko layin ya tafi daidai. Wannan ko wanda bai je makaranta ba zai iya. Amma sai in karɓa, idona na kan kwanon tuwo, in ce, “Ya fita sarai.”

Damina guda ina faɗa mata haka.

Da ta gama, na kwashi takardun na kai shagon da ake buga rubutu a kwamfuta. Matar da ke aikin ta buɗe shafi, ta buɗe wani, ta ɗago kai.

“Baba, ka duba kafin ka kawo?”

Akwai mutane a shagon. Na ce, “Na duba mana.”

Ta juyo da takardar, ta ɗora yatsa. “To karanta min nan.”

Ranar na kalli takarda da idona sosai. Layi a kan layi, layi a kan layi, har wurin ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wani shafin kuma tawada ta ƙare, sai sawun biro kawai. Na tsaya kamar an dasa ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na dawo gida ina tura babur, ban ma hau ba. Na zauna kusa da ita na faɗa mata.

Ta ce, “Tun daga ina?”

“Matar shagon ta ce kusan tun daga farko.”

“Kai kuma kullum ce min kake ya fita.”

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ta laluba ta ɗauki biron ta miƙo min. “Ka ba wani ɗan makaranta. Na gama.”

Dauda ɗanmu ya bugo daga Jos ya ce ta riƙa ɗaukar murya a waya. Ta gwada, ta bari. Ta ce labari ba hira ba ne, sai an koma baya an ji, an soke, an gyara. Wata 'yar'uwa daga zumunta ta zo za ta riƙa rubuta mata, amma Rahila ta kasa. Ta ce ba ta iya yin kuskure a gaban baƙo. Gidanmu ya mutu. Matar da ba a cin tuwo ba tare da ta ba da labari ba, sai ga ta tana wuni fuskarta na kallon bango.

Na daɗe ina roƙo, Ubangiji ka buɗe mata ido. Wata rana a wurin aiki, na tsoma tayar ciki a ruwa ina neman inda take yoyo, hawaye ya zubo min. Na durƙusa nan bakin bahon na ce, “Ya Yesu, kunyata ce ta cinye aikin baiwarka. Ka raba ni da ita. Ka nuna min abin da zan yi.”

Ban ji murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma wani abu ya faɗo min a zuciya sarai: idanu huɗu ne a gidan nan, biyu lafiyarsu ƙalau.

Haleluya!

A cikin makon na shiga ajin yaƙi da jahilci na majami'armu. Ni kaɗai ne namiji, ga furfura, a benci ɗaya da matan da nake yi wa mazajensu faci. Labari ya isa tasha. Direbobi suka samu abin yi.

“Ayuba, an ce ka shiga firamare? Mu ɗinka maka gajeren wando?”

Na ce, “Ku haɗo da kuɗin tara.”

Abin da na yi shekaru ina gudu ke nan, dariyar mutane. Ga shi an yi, ban mutu ba.

Kaina ba ya ja da sauri. Waɗanda suka shigo bayana sun wuce ni. Amma mai faci ya san in bai jira gam ya kama ba, aikin banza ya yi. Na jira. Damina biyu ta wuce.

Wata safiya na ƙi fita aiki, na zauna kusa da ita a rumfa.

“Maman Dauda, ina matar direban nan? A bakin tasha muka bar ta, inda rubutun ya lalace.”

“Ka ƙyale ni.”

“Na zo da biro. Naki ne, ban ba kowa ba.”

Ta juyo. “Kai da kake wuni a kan sunanka?”

Na ce, “Ai ita ma matar jira ta iya.”

Ta yi dariya! Na manta rabon da in ji wannan dariya. Ta gyara zama ta fara faɗa, ni ina bi, ina ta cewa tsaya, tsaya. Ta ce, “Malam Sakatare, a haka sai Ubangiji ya dawo ya same mu a babi na ɗaya.”

Da muka cika shafi, a hankali ta ce, “Duba min. Ya fita?”

Na ɗaga takardar na dube ta daga sama har ƙasa. Na karanta mata da ƙarfi, ina tuntuɓe. Na ce, “Nan wajen bai fita ba. Bari in sake.”

Ta kama hannuna ta riƙe, ta yi ta kuka.

Watan jiya muka kai ƙarshen labarin. Na kai shi shagon nan, wurin matar nan. Ta gyara min kurakurai da yawa, amma ta karanta.

Idon Rahila bai warke ba, ga ta nan zaune, muna ci gaba da roƙo. Amma ta ce akwai wani labarin, in saya sabon biro. Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu da ya cire min wannan kunya da na goya tun ina saurayi.

'Yan'uwa, ku dogara gare shi. Abin da kuke ɓoyewa ku kawo masa tun bai ci na kusa da ku ba. Ku kuma maza masu manta tabarau, na san ku, ba zan kira suna ba. Akwai wuri kusa da ni a benci.

Ubangiji ya karɓi ɗaukaka. Amin.