Fayil ɗin Dakta da Na Danne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ne Garba daga Lugbe, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya.

Bara wata malamar jami'a mai binciken cutar ruɓewar doya ta samu Turawan da za su yi aiki tare da ita. Sharaɗinsu kawai gwamnati ta rubuto cewa za ta saka nata kason kuɗin. Fayil ɗin ya zo teburina. To, a ofishinmu fayil ba ya motsi sai mai shi ya zo ya gaida oga.

Ta bugo daga gonar gwajinta a Yangoji, na ce, "Dakta, sai kin zo da kanki."

Ta ce, "Malam Garba, shuka nake. In na taso, damina ta wuce ni."

Na ɗauka girman kai ne, na cusa shi a durowa. Kafin ta iso, wa'adin da suka bayar ya cika, Turawan sun kai aikin wata ƙasa. Ko faɗa ba ta yi mini ba.

Bana rabin doyar yayana ta ruɓe, yana ta tambayata ko akwai magani. Jama'a, ku ba ni shawara, da wane ido zan nemi gafarar matar nan?